Gwaggo Tahira da Takalmin Ƙarfen Khaulat

Kafin a ɗora kokon safe, Gwaggo Tahira ta riga ta zaunar da Khaulat a tabarma, ta murza mata ƙafafu da man kaɗanya, ta ɗaura mata takalmin ƙarfe. Sannan a fara tafiya daga gindin rumbu zuwa katanga, yarinya tana kuka, gwaggo tana cewa, "Taka, uwata, ina bayanki."

Khaulat 'yar ƙanenta Sabo ce. An haife ta ƙafafunta ba ƙarfi, mahaifiyarta kuma ta rasu. Da sunan Gwaggo aka yi katin tallafin da gwamnati ke ba irin waɗannan yara. A ƙauyukanmu na kewayen Zakirai kowa ya san inda irin wannan tallafi yake ƙarewa: taki, biki, gyaran babur, yaron da aka karɓa dominsa kuwa yana ɗaka yana jan jiki. Muna gani, mu ce sai haƙuri. Na Khaulat bai taɓa bin wannan hanya ba. Kuɗin mota ne zuwa asibiti a Kano, da sabon takalmi duk lokacin da ƙafa ta girma.

Bana Khaulat ta fara takawa ba tare da an riƙe ta ba. Bana kuma aka ce masu tantancewa za su zo firamare su ga kowane yaro da idonsu, aka baza cewa wanda ya samu sauƙi za a cire sunansa. Sabo ya tare yayarsa a soro.

"Yaya, ki cire mata takalmin nan ranar. Ki goya ta, ki ajiye ta a ƙasa. Kowa haka zai yi."

"In ce mata ta yi rarrafe?"

"Na yini ɗaya ne. In suka yanke, da me za ki kai ta Kano? Da gyaɗar da ba ta yi ba?"

"Sabo, shekarun nan ina ce mata za ta iya. Da wane baki zan ce mata ta nuna ba ta iyawa?"

Ranar tantancewar, Malama Aina'u, da ke koyarwa a makarantar, tana wurin. Ta ce Khaulat ta saki hannun gwaggonta ta taka, ƙarfe yana ƙara a kan siminti, har ta kai teburin masu tantancewa. Jami'in ya daɗe yana kallonta, ya ce za a ji sakamako.

Har yau ba a ji ba, takalmin kuma ya fara matse ta.

Ke ce, Gwaggo, kika san abin da za ki iya rasawa, kika tafi da gaskiyarki. Uwar marainiya, mun gode, Allah ya saka miki.

Masu yanke hukunci su sani: yarinyar da ta taka saboda tallafi, in an janye shi ƙasa za ta koma. Mu kuma da muka yi karatu, mu daina surutu a majalisa, mu je mu tambayi inda maganar ta kwana. Duk mai riƙe da katin wani yaro ya leƙa gidan Gwaggo gobe da safe. Zai same su tsakanin rumbu da katanga.