Mu Biyu Muka San Kalmar Sirrin

Ina zaɓen albasa a kasuwar Goronyo aka kira ni, aka ce Malam Isa, shugaban makarantarmu, ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara shida ina mataimakiyarsa. Ranar da na zo da digirina, na tarar da kalmar sirrin kwamfutar ofis rubuce da alli a bango, don kada wani malami ya wahala da tambaya. Na yi masa dogon bayani irin na sabuwar gama jami'a. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, amma ya saurara, ya tashi ya goge bangon da hannun rigarsa. Ya ce, "A sake wata. Daga yau ni da ke ɗai, Malama."

A cikin kwamfutar akwai hotunan 'yan matan da muka yi wa rajistar jarrabawa, da lambobin wayar gidajensu. Iyayensu na ƙauyen Rimawa ba su yarda a ɗauki hoton ba sai da Malam ya bi su har gonakin rani, ya yi alkawarin babu baƙon idon da zai gani. Hoto ɗaya ya shiga yawo a wayoyi, za su kwashe 'ya'yansu daga aji.

Wani babban mutum ya taɓa aikowa a tura masa komai ta waya, wai zai raba tallafi. A nan ba a ce wa babba a'a. Malam ya je da kansa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ɗiyan mutane na, amana anka ba ni. Mi zan ba ka?" Daga nan aka daina kiransa taro. Ya koma cin abincin rana shi kaɗai a ofis. Ni ma ban zauna da shi ba; kullum ina da uzuri mai kyau.

Ranar sadakar uku babban mutumin nan ya tsayar da ni a ƙofar gida, bayan ta'aziyya mai tsawo. "Yanzu ke ɗai kis san kalmar sirrin, ko, Malama?" Na waiwaya, babu wanda zan ce a je a tambaya. Na durƙusa na maimaita masa maganar Malam.

Allah ya jiƙan Malam Isa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da amanar da ya riƙe tana jiransa. Allah ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri, ya tsare musu sirrinsu kamar yadda ya tsare na 'ya'yan mutane. Amin.