Fiyanon da Baba Haladu Bai Ƙarasa Ba

Ina cikin cunkoson titin Al Mirqab, a nan ƙasar waje da muke ci-rani, da fasinja a baya, Ɗanjuma abokin ɗakin Baba Haladu ya kira ni ya ce, "Musa, sai haƙuri, Baba Haladu lokaci ya yi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau ban san yadda na kai fasinjan nan inda za shi ba.

Baba Haladu mai gyaran fiyano ne, sana'ar da ya koya a Legas tun yana saurayi. Ni direba ne, ni nake kai shi wuraren aiki, a haka ya ja ni jiki ya fara koya mini. Yakan tsokane ni ya ce, "Kunnenka lafiya lau, hannunka ne mai gaggawa."

Akwai wani tsohon fiyano a unguwar Al Asmakh, na wata dattijuwar malamar kiɗa da muke kira Madam, gadon mahaifiyarta. Kullen korona ya tsare ta a ƙasarsu, gidan ya zauna babu na'urar sanyi, zafi ya sassauta wayoyin fiyanon kaf. Da ta dawo sai ta kira Baba ya gyara mata shi. Baba ya san tarihin maƙeransa kamar danginsa ne. Wani kafinta ne a Turai ya fara da 'ya'yansa, yaƙi ya ƙone masana'antar, suka sake tashi, daga baya jikoki suka sayar da sunan. "Sunan yana nan a kasuwa," in ji Baba, "amma masu hannun sun tafi. Wayar nan in ta tsinke, khalas, shi ke nan, babu irinta."

Shi ya sa ba ya ɗaure wayoyin rana ɗaya. Zai murɗa kaɗan, ya rufe, sai wani makon. In na yi ƙorafin zirga-zirga sai ya ce, "Ya daɗe a kwance, a hankali za mu tashe shi."

Ya rasu saura wayoyin gefen dama. Ga mai gidan da Madam ke haya ya ce kowa ya tashi kafin Kofin Duniya, Madam za ta koma ƙasarsu ba tare da fiyanon ba, burinta kawai ta kaɗa shi sau ɗaya daidai. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina zuwa layin in wuce, in sake zagayowa, don tsoro nake abin da Baba ya lallaɓa ya tsinke a hannuna.

Ranar Asabar na shiga da sifanarsa, na yi bismillah, na murɗa kaɗan. Wayar ta hau, ba ta tsinke ba. Sai na waiga in ga ko Baba zai gyaɗa kai. Madam ce kaɗai a tsaye, tana share hawaye.

Allah Ya jiƙan Baba Haladu, Ya haskaka makwancinsa a ƙasar nan da ba tasa ba. Allah Ya ba matarsa Inna Hajara da yaransa a Zariya haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Amin.