Yadda Kwalbatocin Sifili Suka Hau Taswira

A ma'aikatar hanyoyi babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sifili ake ce masa, daga mai gadi har darakta, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa farar a-kori-kurar masu awo. Duk safiyar da suka isa bakin hanyar da za a duba, sai ya daidaita tayar gaba da turken farko, ya danna ɗan maɓallin da ke goge mitar nisa, ya ɗaga murya kamar mai shela: "Sifili!" Daga nan mota ta fara rarrafe. In an zo kwalbati ya taka birki ya karanto lamba, mai awon da ke gefensa ya rubuta a littafi: kwalbati, kilomita goma sha huɗu da mita ɗari uku, bakinsa na hagu ya tsage. Haka gada, haka allon hanya, haka rami in ya isa a kira shi rami.

Littattafan suka yi ta taruwa a sito har suka cika kabad uku. Masu awo suka zo suka wuce, wasu ritaya, wasu canjin aiki, Sifili na nan bayan sitiyari. Sai gwiwarsa ta hagu ta gaji da kuloci. Likita ya hana shi doguwar tafiya, ma'aikata kuma ta ba shi kujera a ofishin taswira, ya zauna ya cika shekara biyun da suka rage masa. Aikinsa bai wuce ya jera fayil ya kai wani ofis ya dawo ba. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya dawo gida da riga tsaf da fuska a murtuƙe ba sai a wannan lokacin.

Ana nan aka kawo sabuwar injiniya, mace mai saurin magana, sa'ar babbar 'yarsa. An ɗora mata aikin kwashe duk abin da ke cikin tsofaffin littattafan nan ta zuba a taswirar kwamfuta. Wata safiya Sifili ya shigo da fayil, ya tarar da ita tana kallon allo, hanyoyin yankin duka a shimfiɗe kamar jijiyoyin ganye.

"Injiniya, ai sai an sake fita da na'ura an bi su ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Littafin nan ba ya faɗin inda abu yake a duniya, nisa kawai yake faɗi."

"Nisan ya ishe ni, Baba. Kowace hanya layi ce a nan, kuma an auna layin daga farko zuwa ƙarshe. In na ba manhajar lambar hanya da nisan, za ta bi layin tana ƙirgawa, inda lissafi ya cika ta ajiye ɗigo."

Sifili ya ajiye fayil a hankali. "Ashe ita ma direba ce."

Ta yi dariya ta danna. Jajayen ɗigo arba'in da biyu suka zubo kan hanya mai lamba tara. Ya matso, ya sa tabarau, ya bi su da ido. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya dafe tebur, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Baba lafiya?"

"Babbar gadar nan, ranki ya daɗe, kin ajiye ta a ƙofar asibiti. Wallahi ko kwata babu a wurin! Ga kuma allon gargaɗin shanu a tsakiyar kasuwa."

Injiniya ta duba jadawalinta sau biyu, lambobi daidai suke. Shi ya warware mata. Mai awon da ya cika littattafan hanya ta tara mutum ne da ba ya son rana a idonsa da safe. Saboda haka kullum sai su wuce can ƙarshen hanyar ta gabas, su juyo, su fara awo rana na bayansu. Sifilin littafi yana inda taswira ta ɗauka ƙarshe ne. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba.

Ta juya awon layin, ta sake dannawa. Ɗigon nan suka yi tsalle gaba ɗaya, gada ta je ta zauna daram a kan kogi.

Sifili ya yi wata ƙara da ta sa akawun ofishin kusa ya leƙo. Ya manta da gwiwa, ya zagaya teburin, ya dawo yana nuna allo da yatsa. "Ga ta nan! Ga kwalbatin da muka maƙale a cikinsa ranar ruwan ƙanƙara! Ga na bayan makaranta! Injiniya, sake yi in gani. Mayar da su asibiti ki sake dawo da su."

Ta sake yi masa har sau uku.

Daga ranar aka jawo kujerarsa kusa da tata. Ashe kansa cike yake da abin da littafi bai riƙe ba. Ya san shekarar da aka miƙe kwanar hanya ta huɗu, hanyar ta ragu da mita ɗari huɗu, don haka duk awon da aka yi kafin nan sai an rage masa. Ya san daminar da aka sa wa motar manyan tayoyi, mita ta riƙa cin nisa, kilomita goma ta ce tara da ɗari bakwai. Injiniya ta nuna masa maganin wannan: a kafa abubuwan da ba sa motsi, gada da mararraba, a gaya wa manhajar nisansu a littafi, ita ta raba bambancin a tsakani. Ya ce wannan ko tsohon mai awo bai kai ta adalci ba.

Cikin mako na uku ta miƙa masa linzamin kwamfuta. Ya riƙe shi da hannu biyu kamar sitiyari, kibiya ta gudu ta ɓuya a kusurwa, ya ɗaga linzamin sama yana neman ta a ƙarƙashi. Amma kafin wata ya ƙare yana shigar da layi hamsin a yini da yatsa ɗaya, harshe a waje. Lambar hanya, nisa, iri, gefe. Duk ɗigon da ya faɗo sai ya gaishe shi. "Sannu da zuwa. Kai ne mai tsagaggen baki, ko?"

A gida abin ya zama abin dariya. Ya shigo yana fito, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce wa matarsa, "Hanya ta ɗaya, daga ƙofa zuwa kicin. Takalmin jikanki, mita biyu, gefen dama, yana hana zirga-zirga."

"To ka ɗauke shi mana, Malam, tunda ka gano inda yake."

"Ni rubutawa nake, masu gyara daban ne."

Ta buga wa babbar 'yarsu waya ta ce ta zo ta ga ubanta, ya tsufa ya samu abin wasa.

Damina ta biyu da fara aikin, ruwa ya kwanta a kan hanya ta goma sha ɗaya, wajen kilomita talatin da ɗaya, kwana uku motoci na ratsawa da ƙyar. Shugaban masu gyara ya shigo ofishin taswira da takalmi duk laka, yana cewa dole a fasa kwalta a gina kwalbati, don babu ko ɗaya a wurin. Sifili ya ce a dakata. Ya jawo linzami, ya buɗe hanyar, ya matso da hoton har ɗigo ɗaya ya cika ido.

"Talatin da ɗaya da mita ɗari biyu da sittin. Bututu biyu. Ni na shigar da shi da hannuna."

"Baba, shekarata shida a kan hanyar nan, ban taɓa ganinsa ba."

"Yashi ne ya cinye shi. Ku auna daga mararraba, ku haƙa gefen hagu."

Da azahar waya ta yi ƙara. Sun haƙa ƙasa da tsayin mutum, shebur ya daki siminti. Kafin la'asar ruwan ya zuƙe. Sifili ya fita baranda ya gaya wa mai shara, ya gaya wa mai gadi, ya gaya wa wani baƙo da ya zo neman ofishin lasisi bai san hawa ba bai san sauka ba. Da darakta ya sauko ya yi masa hannu, sai ya rasa abin faɗa, ya ce, "Bututu biyu ne, ranka ya daɗe," ya sake fashewa da dariya.

Ranar da ya rufe littafi na ƙarshe, ɗigo dubu huɗu da ɗari da goma sha shida ne a taswirar. Saura mako guda ya yi ritaya. Matarsa ta ce ita dai sai ta ga abin da ya mayar mata da miji yaro, ta shirya ta biyo shi ofis. Injiniya ta tashi ta ba ta kujera tana "Sannu da zuwa, Mama." Sifili ya gyara tabarau, ya buɗe hanyar da ke zuwa garin iyayen matar tasa, yana jan ta a hankali yana kiran sunan kowane ɗigo.

Matar ta kalla, can ta ce, "Ina tudun?"

"Wane tudu?"

"Tudun rage gudu na kusa da gidan mai. Wanda ka haye da ni a guje ina naƙudar auta, kaina ya bugi rufin mota. Ka ce komai na hanya yana nan."

Ya duba, ya sake dubawa. Babu shi. Injiniya ta juya baya tana danne dariya.

Ranar Asabar suka ari motar surukinsu, shi surukin ya tuƙa, Sifili na gaba yana kallon mita, matarsa na baya da littafi da biro. Tudun na nan, kilomita bakwai da mita tamanin. A hanyar dawowa ta sa aka tsaya sau biyar, don ta hango alluna biyu da suka karkace da ramuka uku da ta ce sun isa a kira su ramuka. Ranar Litinin ya shigar da duka shidan, a gurbin sunan mai awo kuma ya rubuta: maiɗakina.