Kwakwar da Malam ya shuka a Kibiya

Maigidana ya yi shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa a makarantun Rano da Kibiya, yana zana wa yara teku a allo, alhali ruwa mafi girma da ya taɓa gani da idonsa shi ne na dam ɗin Tiga. Bai daɗe da yin ritaya ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Abin ya zo da sauƙi, ƙafar hagu ce kawai ta yi nauyi. Likita ya ce maganinta tafiya kullum, in kuwa ya lizimci kwanciya, ƙafar ta tafi ke nan. Malam ya ce ya ji. Muka dawo gida ya miƙe a tabarma ya juya wa kowa baya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kirawo ƙannensa daga Durba suka yi nasu, ko gezau.

Sai babbar 'yarmu da ke aure a Kano ta kawo masa babbar waya, wai ta ɗebe masa kewa. A cikinta ya tono jerin kalmomin wani yare wai shi Sikaiana, na mutanen wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku, wanda a cewarsa ko Kibiya bai kai girma ba. Tun daga ranar na shiga uku. Gidan da na yi shekaru ina sharewa ya koma hale. Kifin da na soya da hannuna ya koma ika. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, ya wuni yana ba ni labarin vaka, wato nasu kwalekwalen.

"Hajiya, kin san su ruwan sha sunansa daban, na teku daban? Vai da tai."

"Malam, ni ruwan da na sani na rijiya ne, shi ma ya ja baya. Tashi ka taka ƙafar nan."

"Gwaza ma suna nomawa."

"Su ci lafiya. Tashi."

Ba ya tashi. Haushi kamar ya kashe ni.

Ana haka ya kai kan niu, wato kwakwa. Wai su can da ita suke ci, da ita suke sha, da ganyenta suke rufin ɗaki, da bawonta suke tufka igiya. Ya ce shi kam ba zai mutu bai ga bishiyarta ba. Ranar kasuwar Rano ya aiki wani direba maƙwabcinmu ya sayo masa ɗaya, irin wadda ake turawa a baro, an ɓare mata bawo tas, ƙwal kamar kan da aka yi wa aski. Ni 'yar manoma ce. Na ce, "Haba Malam, wa ya taɓa shuka surfaffen gero ya fito?" Ya ce ilimin nomana a garinmu Rurum ya tsaya.

Duk faɗin gidan nan bai ga inda ya dace ba sai bayan madafi, can ƙarshen katanga, inda yakuwata da tattasaina suke. Ya sa aka tuge su. Ranar ban yi masa magana ba har la'asar. Sannan ya kafa doka: ba mai ba niu ruwa sai shi, don shi ya karanta yadda ake yi. Kullum da hantsi sai ya dafa bango ya miƙe, sanda a hannu ɗaya, buta a ɗayan, yana jan ƙafa har bayan madafi. Buta ɗaya ba ta isa, sai ya yi sawu uku, wani lokacin biyar. Wa ke jan ruwan? Ni, da bazara, guga na dawowa rabi ruwa rabi laka. Matan unguwa in sun shigo sai sun leƙa wurin suna ƙunshe dariya, suna tambayata ko kwakwar ta fara 'ya'ya a ɗibar musu.

Damina ta sauka, gero ya yi kai, ciyawa ta fito ko'ina, wurin niu shiru. Na ƙudura a raina sai na kawo ƙarshen wannan wahala. Wata Juma'a da ya tafi masallaci na ɗauki fartanya na tone ramin. Ga ta nan ta yi baƙi, ta tsage, gara ta cinye cikin, sai wari. Na sa ta a tsohon kwano na tsaya a bakin zaure, na shirya maganganun da zan faɗa masa tun daga kan yakuwata.

Daga nan na hango shi tafe cikin mutane. Sandar tana maƙale a hammatarsa, ko ƙasa ba ta taɓawa, hannu ɗaya yana ta yawo a iska, da gani labarin tsibirin yake ba wani bawan Allah. Ƙafar tana ɗan ja, amma tafiya ce sosai. Sai a lokacin na tuna cewa da ƙafa ya tafi masallacin, kuma ban san ranar da ya fara hakan ba. In ya ga abin da ke cikin kwanon nan, me zai tashe shi gobe da hantsi?

Da gudu na koma, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Na mayar da ruɓaɓɓiyar kwakwar, na rufe, na daddaɓe ƙasar da tafin hannu.

Ya yi sallama ya wuce kai tsaye bayan madafi. "Hajiya, kamar ƙasar nan ta motsa!"

"Wataƙila ta kusa, Malam."

"Ban faɗa miki ba? Kawo vai."

Na ɗauki guga ina ƙunƙuni. Har yau ni ke jan ruwan, yakuwa kuwa a kasuwa nake saye.