Sanarwar Ɓarakar da Abokina Ya Bari

Mu biyu muka haɗa manhajar, ni da wani abokina malamin lissafi a Kiru. 'Yar ƙarama ce, ba hoto ba ado, umarni kawai ake buga mata a baƙin allo, ta kwashe fayilolin mutum ta adana masa a wata na'urar ko da intanet na ɗingishi. Kyauta muka sake ta, kowa ya duba cikinta. Shi ya fi ni iya rubuta ta, ni kuma nake rubuta sanarwar da ke rakiyar kowane sabon gyara da muka fitar.

A kan sanarwar nan muke faɗa. Ni mai son lallaɓa magana ne, shi kuwa ba ya tauna ta. In na tura masa ya duba, sai ya kira ni yana dariya.

"Malam, wannan ai gaisuwar surukai ce. Me ya lalace? Wa zai cutu? Me zai yi? Faɗa musu."

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya.

Bayan girbi wani baƙo daga wata ƙasa ya aiko mini da saƙo a asirce, cikin ladabi. Ya gano cewa manhajar tana ajiye kalmar sirrin mutum a fili, duk wanda ya taɓa na'urar zai iya karantawa. Na bi sawu, na tarar kuskuren a layukan da abokina ya rubuta yake. Gyaran bai kai ni azahar ba. Sanarwar ce ta gagare ni.

Ina zaune a gindin mangwaron gidanmu a Dangora na rubuta: "Ƙananan gyare-gyare." Ban so a buɗe tarihin aikin a ga sunansa kusa da kuskure, alhali ba ya nan balle ya kare kansa. An raine mu a kan rufa wa mamaci asiri, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Sai dai na san mutum ɗaya da ke amfani da ita, wata ma'aikaciyar ƙungiyar manoma a Doguwa, wadda abokin nawa ya koya wa da kansa. Kwamfuta ɗaya suke rabawa su da yawa a ofis. In ta ga "ƙananan gyare-gyare", ba za ta ƙona datarta ta sabunta ba. Ni ma da ni ne ba zan yi ba.

Na goge. Na rubuta cewa akwai ɓaraka ta tsaro, kalmar sirri na iya fita, kowa ya sabunta yau kuma ya canza kalmarsa. Ban bayyana inda take ɓoye ba, kada in nuna wa ɓarawo hanya. Na gode wa baƙon. Karon farko ke nan da na rubuta sanarwa ba kwana-kwana, na san da abokina ya gani sai ya tsokane ni.

Da na tura, sai shafin aikin ya yi abin da muka saita shi ya riƙa yi tun farko: ya aika wa mai dubawa na biyu, wato abokina, ya rubuta cewa ana jiran amincewarsa. Ga ɗan hotonsa nan, da hular da ya saba karkatawa.

Ni nake da ikon tsallake wannan matakin. Na bar shi yana jira, na je na yi la'asar, na yi wa abokina addu'a. Da na dawo na saki sanarwar, na kira matar Doguwa na ce ta sabunta. Sunansa kuwa har yau ban cire shi daga masu dubawa ba.