Sunan Ɗan Farina

Shekarar da na haihu ina karatun adabi a Lyon. Aikin da malamata ta ɗora mini shi ne littattafan nan da Turawa ke ƙaga wata ƙasa inda hukuma ta hana so, ta hana kuka, kowa na leƙen kowa. Nakan karanta in yi dariya, in ce mutanen nan sun rasa abin yi.

Sai gwaggon mijina ta rufe shagonta na atamfa a Barbès, ta hau jirgin ƙasa ta zo unguwarmu Rillieux yi mini zaman jego. Ɗan fari ne, kuma mu a Damagaram an san ƙa'ida: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko nono za ta ba shi sai ta kau da kai. Ni kuwa ji nake kamar in haɗiye yaron nan. Da na shige ɗaki in shinshini wuyansa, sai in ji takun silifas ɗinta a bakin ƙofa. Kullum waya na bakinta tana tura saƙon murya gida, in na matso ta yi ƙasa da murya. Na sa wa raina rahotona take kai wa surukata.

Ɗaya idon da ke kaina kuma na wata Baturiya ne, ma'aikaciyar jinya mai zuwa gida auna jarirai. Zuwanta na farko na miƙa mata yaron ina kallon bango. Ta tambayi sunansa na yi shiru, gwaggo ce ta faɗa. Sai ta tambaye ni a hankali ko ina samun barci, ko ina jin ɗan nan nawa ne. Wannan sanyin muryar ya fi tsawa tayar mini da hankali, don a unguwar an sha ba ni labarin matan da aka karɓe wa 'ya'ya, kuma dukansu da tambaya mai daɗi aka fara. Ta ce za ta dawo tare da abokiyar aikinta.

Na rasa yadda zan yi. In na rungume shi, a ce boko ya cinye mini kunya, in na kau da kai, a raba ni da shi. Na tsani matan biyu. Littattafan ma na ajiye su, sun daina ba ni dariya.

Ranar da za su dawo, da hantsi, na ga gwaggo ta sa rigar sanyi ta ɗauki jaka, wai albasa ta ƙare. Alhali ga albasa cike da kwando. Na ce a raina laɓewa za ta yi.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba.

"Ɗiyata, in sun zo ki riƙe abinki, ki kira sunanshi da ƙarfi su ji. Ni ba ni nan, ban gani ba."

Na ce, "Gwaggo, to mutanen gida fa?"

"Rabu da su. Nawa na fari bai kai shekara ba ya koma. Har aka fita da shi ban kira sunanshi ba ko sau ɗaya. Kowa ya yaba kunyata."

Da Turawan suka zo sun tarar da shi a ƙirjina ina ta kiran sunansa, ba su daɗe ba suka tafi. Na leƙa ta taga, na hango gwaggo zaune a bencin jiran bas cikin sanyi, jakar ba komai a cinyarta, leɓenta yana motsi kamar mai kiran wani suna.