Littafin Kazimierz na Malam Sha'aban Ne

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma, ko a gida ajali ya riske mu ko a ƙasar mutane. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sha'aban Maikano a nan Riyad, bayan jinyar wata biyar. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu. Bayan La'asar muka yi masa salla, muka kai shi makwancinsa. Ya bar matarsa Hajiya Azumi, da 'ya'ya biyu, Ikilima da Jamal, da kuma littafi guda ɗaya wanda a yau yake yawo da sunan wani a bangonsa. Saboda wannan littafi na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye wa kowa ba, da fushi nake rubutu.

Malam, shekara goma sha tara muka yi muna maƙwabtaka a unguwar Ulaisha, ƙofa na kallon ƙofa. Ni direba ne mai jigilar kayan gwari daga kasuwar Aziziya, kai kuwa injiniyan gini, amma ban taɓa ganin wannan bambanci a fuskarka ba. Ranar da motata ta mutu a bayan gari da tsakar rana cikin zafin Yuli, maƙare da tumatir, kai ne ka bar aikinka ka zo da motar kamfani, muka yi ta sauke kwali muna lodawa har farar rigarka ta koma ja. Da na fara godiya sai ka ce in yi shiru, in dai ba so nake tumatirin ya dahu ba. Aibinka ɗaya da na sani: ba ka iya shiga ɗakin mutum ba tare da ka ƙwanƙwasa masa bango ba, sannan ka gaya masa maginin ya cuce shi.

Duk wanda ya taɓa zama a falonka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya san wani gari da bai taɓa gani ba. A 1982 aka tura ka karatun gini a birnin Lublin na ƙasar Poland, kuma duk hutu sai ka tafi wani ɗan ƙaramin tsohon gari a bakin kogin Wisla, mai suna Kazimierz Dolny, ka shiga cikin magina masu gyaran tsofaffin gine-gine. Sunan ya gagari harshenmu, muka yanke shi ya koma Kazimi, kai kuma muka naɗa ka Sarkin Kazimi. Da ka ajiye kofin shayi ka gyara zama, mun san yau ma sai mun je Poland ba biza.

Na san garin nan kamar a cikinsa aka yanke mini cibiya. Na san dandalin kasuwa, da rijiyar da ke tsakiyarsa mai rumfar katako. Na san gidajen 'yan'uwan nan biyu, attajiran hatsi, da suka gina jikin juna suka cika fuskarsu da zane, ka ce mana kamar adon soron masu hali a cikin birnin Zariya. Na san rumbunan farin dutse da ke jere a bakin kogi, masu hawa-hawa, inda ake tara alkama kafin a loda ta a jirage a gangara da ita har bakin teku. Ka ce shekara ɗari huɗu da suka wuce kowa a garin nan da hatsi yake tinƙaho. Sai mayaƙan Sweden suka zo suka ƙone garin, annoba ta biyo baya, aka kafa gicciye uku a kan tudu don tunawa da waɗanda ta kwashe. Cinikin hatsi ya mutu, garin ya tsaya cak. Kakan ce talaucin nan ne ya tsirar da kamanninsa, don ba wanda ya samu halin rushe tsoho ya gina sabo. Akwai kangon fada a saman tudu, da wani kwari mai zurfi da saiwoyin itatuwa suka fito fili a gefensa, da burodin da suke gasawa da siffar zakara, wanda ka rantse ya fi kyau a ido fiye da a baki.

Akwai kuma Pani Halina, tsohuwar da ta ba ka ɗaki. Da ta gane ba ka cin alade sai ta je kasuwa ta sayo tukunya sabuwa da cokali, ta ɗaura musu jan zare, ta hana kowa a gidan taɓa su. Kai kuma ka sake mata ginin murhu kafin sanyi ya shigo. Shekara arba'in bayan haka, ba ka taɓa ambaton sunanta muryarka ba ta sauya ba.

Labari ɗaya ne ba ma yin dariya idan ka ɗauko shi. Ka ce kafin yaƙin duniya na biyu kusan rabin mutanen garin Yahudawa ne. Sojojin Jamus suka kwashe su suka hallaka, suka tuge duwatsun kaburburansu suka shimfiɗa a ƙasa ana takawa. Kana garin lokacin da aka tono duwatsun nan, fasassu, aka haɗa su aka gina doguwar katanga a wurin tsohuwar maƙabartar. Ka ce ka tambayi wani tsohon magini amfanin wannan wahala, tunda masu duwatsun ba za su dawo ba. Ya ce maka dutse ba komai ba ne, sunan da ke jikinsa ne ba a yarda a taka ba.

Duk wannan ka rubuta shi da Hausa, da hannunka, cikin manyan littattafai uku, da zanen kowane gini da ka auna da kanka, da kundin hotuna. Kusan shekara talatin kana yi kana gogewa. Burinka Ikilima da Jamal, da aka haifa a nan Larabci ya fi zama a bakinsu, su karanta abin da ubansu ya gani da harshen ubansu.

Yanzu na zo kan Kamil, wanda sunansa ke bangon littafin. A 2011 ya sauka Riyad da jaka ɗaya, bai san kowa ba. Wata bakwai ya yi yana kwana a falonka, yana cin tuwon Hajiya Azumi. Kai ka yi ta zirga-zirga har ikamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito, kai ka samo masa aikin ofis a unguwar Ulaya. Shekara biyu da suka wuce ya zo ya durƙusa, ya ce a ba shi littattafan ya buga a kwamfuta, wai ita ce kaɗai hanyar da zai saka alheri. Ka ɗauko duka ukun da kundin hotunan ka miƙa masa, ina zaune. Daga nan sai yau kwamfuta ta lalace, gobe aiki ya yi yawa, jibi ya tafi hutu. Har ya daina ɗaga waya.

Kana kwance a asibiti wani ɗan'uwa ya dawo daga Kano da littafi a jakarsa, sabo fil, yana murna ɗan ƙungiyarmu ta Hausawan Riyad ya zama marubuci. A bango an rubuta Dakta Kamil. Ban san asibitin da ya yi aiki ba, ban san jami'ar da ta ba shi wannan laƙabi ba. A gabatarwa ya ce ya yi mako biyu a Poland, garin ya shiga ransa. Sunanka bai fito ko a shafin godiya ba. Na so in ɓoye maka, amma ka riga ka ji. Ka karɓa, ka juya shafi uku ko huɗu, ka rufe, ka juyar da fuska bango. Da ka juyo sai ka ce, "Isiyaku, ƙyale shi. Ka yi mini alkawari." Na ce, "To, Malam." Tun daga ranar ba ka ƙara ambaton Kazimi ba har ka koma ga Allah, kuma wannan shirun ya fi ciwonka ci mini rai.

Da Kamil ya tsaya nan, wataƙila da na haɗiye. Amma ranar jana'iza sai ga shi a sahun farko, yana sharar hawaye har ana ba shi haƙuri. Ranar uku kuma, a wurin zaman makoki, a kan tabarmar da ya yi wata bakwai yana kwana, ya buɗe jaka ya shiga raba katin gayyata. Wai ranar Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan La'asar, za a ƙaddamar da littafinsa a wani ɗakin taro da ya kama. Har ni ya miƙo wa, yana murmushi.

Bayan mutane sun watse Hajiya Azumi ta aiko Jamal ya kira ni. Daga bayan labule ta turo littafin a buɗe, ta ce in duba shafi na sittin da biyu. Hoto ne na mutum a gaban rijiyar kasuwa, riƙe da burodin zakara. An datse hoton daga wuya, ba kai, a ƙasa an rubuta wai marubucin ne a dandalin garin. Ya yanke fuskarka, Malam, amma bai kula da hannun ba. Hannun hagu ne, yatsu huɗu. Ƙaramin yatsanka yana can Kazimierz tun 1984, ranar da dutse ya suɓuce a wurin gyaran rumbu ya datse shi. Kowa a Ulaisha ya san hannun nan. Ni na riƙe shi na wanke ranar da muka yi maka wanka. Kamil kuwa yatsunsa goma cif, har da zobe.

Magana ta fita, sai ga Alhaji Mukhtari, shugaban ƙungiyarmu, ya zo har gida. Dattijo ne, ina ganin girmansa. Ya daɗe yana yi mini nasiha, ya ce ƙasar mutane muke, kada mu tona wa juna asiri a gaban baƙi, kuma wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake buƙata ba suna ba. Na saurare shi har ya gama. Na ce, "Alhaji, addu'a muna yi. Amma Ikilima da Jamal suna raye, kuma gadonsu ne aka sace." Ya ce ai marigayin da kansa ya yafe. Na ce haƙƙinsa ya yafe, bai yafe na marayu ba, ni kuma da aka miƙa littattafan a gabana shaida ce a wuyana.

Saboda haka, Malam, ka gafarce ni. Alkawarin da na yi maka a asibiti ba zan cika shi ba, kuma ko lokacin da nake cewa to, na san bakina ne kawai ya faɗa. Kai mai haƙuri ne, ni ba haka aka yi ni ba, ka kuma sani. Ba zan zage shi ba, ba zan taɓa jikinsa ba. Ranar ƙaddamarwar zan bari a gama yabonsa, a gama tafi, ya miƙe ya gyara babbar riga. Sannan in tashi in roƙi jama'a kowa ya buɗe shafi na sittin da biyu, shi kuma ya ɗaga hannun hagunsa sama. Ina so ya ji abin da ka ji ranar da ka juyar da fuska bango, kuma ina so ya ji shi a gaban mutane. Ba zan bar wurin ba sai ya faɗi inda littattafanka uku suke, ya maido su hannun Hajiya Azumi. Idan akwai laifi a cikin wannan, a kaina yake, ba a kanka ba.

Ya Allah, ga bawanKa Sha'aban ya zo gare Ka, baƙo a ƙasar da ya yi shekara ashirin da bakwai yana gina wa mutane gidaje. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya jinyar da ya sha da baƙin cikin da ya haɗiye su zama kaffara gare shi. Ka saka masa da gida a Aljannar Firdausi, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Azumi, da Ikilima da Jamal, da 'yan'uwansa na Kano, da dukan Hausawan Ulaisha da suka sha shayinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Shi kuwa Kamil, ina sanar da shi katinsa ya iso hannuna. Zan zo da wuri, in Allah Ya yarda, kuma a sahun gaba zan zauna.

Isiyaku Garba Ringim
Ulaisha, Riyad